Lokacin Feshi a Gonar Baban Kasturi

Hosalli, farkon Oktoba

Zuwa ga yayana Bimaraya,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Girija da yara. Yaya aikin masaƙa? Yaya tarin nan da ƙurar auduga take sa ka? Mu nan lafiya lau muke da ikon Ubangiji. Kasturi ta fara zuwa makaranta, kullum sai ta dawo da tawada a hanci.

Ruwa ya yi mana adalci bana. Waken kurawan da muka shuka a gonar bakin rafi ya tashi har ya wuce kaina, in na shiga tsakiyarsa ba mai ganina sai dai a ga ganye yana motsi. Bai fara fure ba tukuna, amma ya kusa. Saboda shi na ɗauki alƙalami.

Ka san abin da ya faru bara, tunda ka zo ka ga maigidana, baban Kasturi, a gadon asibiti. Abin da ba ka gani ba shi ne yadda aka kai ga hakan. Tun wake yana kore shar ya fara feshi. Da ya ga tsutsa ɗaya sai ya goya famfon feshi. Mai kantin magani ya ce ga sabo ya zo, ya sayo ya gauraya da tsohon. Da rana tsaka yake shiga, ba riga, ba ƙyalle a hanci, wai zafi. Ita kuwa tsutsar ta riga ta shige cikin kwanso tana cin abincinta, magani yana zuba a bayanta kamar ruwa a kan rufin ɗaki. Ita ta ƙoshi, shi ya faɗi. Da za a sallame mu, likita ya ce da ni a gabansa, in ya sake goya famfon nan kada in wahalar da shanu wajen kawo shi. Har yau hannunsa yana rawa. Rabin kofi nake zuba masa shayi don kada ya ƙone.

A watan jiya wani malamin gona ya zo, ya tara mu a gindin tsamiyar ɗakin bauta. Ya ce ba yawan feshi ke kashe tsutsa ba, dacewa da lokaci ne. Ƙwaron da ke haifar ta da dare yake yawo, a kan fure yake saka ƙwai. A jira sai rabin gona ta yi fure, ƙwai ya ƙyanƙyashe, tsutsar tana siririya kamar zare, ba ta sami ƙarfin huda kwanso ba. A lokacin ne za a yi feshi, da yamma, bayan ƙudan zuma sun koma. Sai kuma a sake sau ɗaya idan kwanso ya fito. Ya rataya mana wani tarko a gona, ya ce ranar da ƙwarin suka yi yawa a ciki mu fara duba fure kowace safiya. Maƙwabcinmu Hanamanta ya ce masa, "Malam, tsutsar garinku ce take jiran a shirya mata. Tamu ba ta je makaranta ba." Aka yi ta dariya. Ni dai maganar ta zauna mini, don na ga inda yawan feshi ya kai mu.

Ga roƙona. Ni gajeruwa ce, in na ɗaga bakin famfo sama a fuskata maganin zai dawo. 'Yan ƙwadagon feshi kuma ka sani, lokacin fure duk suna gonakin manya, ba mai waiwayar irinmu. Kai dogo ne, kuma kai kake yi wa Baba feshi tun kafin ka tafi Solapur. Ka zo ka yi mana na farkon, shi ne mai wuyar. Kada ka taso yanzu, na san hutu ɗaya ake ba ku. Ka riƙe shi har sai na buga maka tangaraho.

Maganganun da kai da baban Kasturi kuka gaya wa juna a asibiti ban sa su cikin wannan takarda ba.

Ka gaishe mini da Yaya Girija ƙwarai.

Ƙanwarka,
Nilamma


Hosalli, bayan bikin fitilu

Zuwa ga Yaya Bimaraya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kun yi biki lafiya, yara sun sha zaƙi sun ƙoshi. Mun kunna fitilu a bakin ƙofa da wajen shanu kamar yadda Inna take yi. Kasturi ta ƙona gefen siket ɗinta da abin wasan wuta, ita dai ba ta ji ciwo ba.

Amsarka ta iso. Ka ce za ka zo idan mai gonar ne da kansa ya rubuto da hannunsa ya nema. Na karanta, na ninke, na ajiye kwana biyu kafin na karanta wa baban Kasturi. Ya gama cin gurasarsa tukuna. Sannan ya ce, "Mutumin da ya tsaya a kaina gaban jama'a ya ce wanda bai san bambancin gona da kabari ba bai kamata a ba shi mata ba, shi zan roƙa?" Na ce masa ai shi ma da bakinsa ya buɗe ya kira ka bawan inji, wanda ya gudu ya bar ƙasar ubansa. Ya ce shi gaskiya ya faɗa. Na ce kai ma haka kake cewa.

Washegari da na dawo daga ɗebo ruwa na tarar da shi a bayan ɗaki da fensirin Kasturi da takarda a kan gwiwa. Fensirin yana ta tsalle, ya huda takardar wuri biyu. Da ya gan ni sai ya dunƙule ta ya jefa a murhu. Ban san abin da ya so rubutawa ba, ban kuma tambaya ba. Ina gaya maka ne don ka san inda sharaɗinka ya tsaya.

Duk garin nan an fara feshi. Da safe in iska ta taso daga gabas, wari har cikin tukunyar miya. Hanamanta ya zagaye gonarsa ya sake zagayewa, alhali fure ɗai-ɗai ne. Jiya ya tsaya a kan iyaka da famfo a baya ya ɗaga murya yana kiran baban Kasturi da sunansa, "Kallappa, an ce yanzu uwargida ce ke duba wa gonarka ranar sa'a! In tsutsarku ta gama da ku, ku ja mata kunne kada ta tsallako." Baban Kasturi ya ce masa, "Ka bar ta ta tsallako, ai a gonarka take wanka kyauta." Baban Kasturi ya mayar da amsa kam, amma da muka koma gida kai tsaye ya nufi inda famfo yake rataye. Na riga na kwance bakin famfon na ɓoye. Ya duba, ya dube ni, ya fita wajen shanu.

Ba zaune muke ba. Akwai 'yan manyan tsutsotsi da suka riga sauran fitowa. Da sassafe nakan shimfiɗa tsohon zani tsakanin layuka, shi ya kama itacen waken ya girgiza, su zubo, kaji suna biye da mu. Yana cewa wannan ne kaɗai aikin da rawar hannu take da amfani a cikinsa. Mun kuma kakkafa sanduna don tsuntsaye su sami wurin sauka. Na jiƙa dakakkun 'ya'yan darbejiya na yayyafa a ƙasa-ƙasa, inda hannuna yake kaiwa.

Sararin sama ya lulluɓe da gajimare kwanakin nan, ba ruwa, ba rana. Malamin gona ya ce irin wannan yanayin ƙwaron yake so. Tarkon da a da sai mu ga biyu ko uku a ciki, yanzu in na juye shi sai na karkaɗe. Furen ya fara buɗewa daga gefen rafi, rawaya mai ɗan ja a baya.

Ban janye roƙona ba. Ni na rubuto, ni ce ƙanwarka, kuma daga wannan gonar Kasturi take ci.

A gaida yara.

Taki har kullum... ka ga, tunanina yana kan Yaya Girija, ita ma ka ce ta sa baki.

Ƙanwarka,
Nilamma


Hosalli, Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Wannan gajeruwa ce, a tsaye nake rubuta ta a gidan waya. Na buga maka tangaraho yanzun nan, wannan tana biye da shi ko da bai same ka a gida ba.

Lokaci ya yi. Rabin gona ya zama rawaya. Da safen nan na buɗe fure na ga ƙwai farare kamar ƙwayar gero, wasu sun yi duhu, a wasu furannin kuma 'yan tsutsotsin sun fito, sai ka ƙura ido kafin ka gan su. Na kai wa malamin gona a cikin ganye, ya duba ya ce yanzu ne, kada mu wuce 'yan kwanakin nan. In suka yi kauri suka shiga kwanso, shi ke nan.

Maganin yana nan, iri ɗaya, wanda ya rubuta mana, da ma'auninsa. Na tanadi riga mai dogon hannu da ƙyallen rufe fuska da sabulu. Na cika randuna a bakin gona. In ka hau motar safe daga Solapur ka sauka a mararraba, za ka sami ta yamma da ke shigowa garinmu. Yammaci biyu sun isa ka gama.

Baban Kasturi bai ce ka zo ba, bai ce kada ka zo ba. Ya dai fitar da gadon igiya ya ɗaure inda ya saki.

Sai na gan ka.

Nilamma


Gulbarga, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga Yaya Bimaraya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Daga barandar asibiti nake rubuto maka. Kasturi tana wurin matar Hanamanta. Zan faɗa maka yadda abin ya kasance bi da bi, don kada ka ji shi a karkace daga bakin wani.

Na je bakin hanya na jira motar yamma. Mutane suka sauka, ba ka ciki. Washegari ma haka. Yaron motar har ya gane ni, ya ce, "Yaya, in miji ne ya gudu ki haƙura." Na koma gona na duba, tsutsotsin sun fara kauri, an fara ganin huji a ƙananan kwanson da suka riga fitowa. Na bi gidajen 'yan ƙwadago, kowa ya ce sai mako mai zuwa. Hanamanta kuwa ya tafi kai 'yarsa gidan miji.

Baban Kasturi ya ce in ba shi bakin famfo. Na ce ni zan yi. Muka yi ta ja har rana ta karkata, daga baya ya ce to, amma shi zai riƙa duba mini iska. Na sa rigar, na naɗe fuska, na auna magani yadda aka ce. Ya ɗaura tsumma a kan dogon kara ya tsaya can gefe, duk inda tsumman ya kaɗa sai in juya masa baya. Ranar farko lafiya lau. Na yi kusan rabi, kafaɗuna kamar za su cire, na yi wanka a rafi, na ci abinci.

Rana ta biyu iska ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ina cikin tsakiyar gona, inda waken ya fi tsawo, ba na ganin tsumman. Na ji yana kira, kafin in juya ƙyallen fuskata ya jiƙe. Na ƙarasa layin, na fito na durƙusa na yi amai. Ya zo ya kwance igiyar famfon daga kafaɗata, ya zuba mini ruwa a kai, ya goya famfon. Na tuna masa abin da likita ya ce. Ya ce, "Likita bai ga gonar nan ba. Zauna." Na kama ƙafar wandonsa, ya zare. Ba ni da ƙarfin tashi.

Ya rufe fuska, wannan karon ya rufe. Ina zaune ina ganin bakin famfon yana tafiya sama da ganye, yana rawa, yana tafiya. Ya yi layukan da suka rage, ban da kusurwar da ke wajen tsohuwar rijiya, nan duhu ya same shi. Ya fito ya wanke jiki da sabulu, har yana cewa ga shi ba abin da ya same shi. A hanyar gida gumi ya karyo masa, yawu ya fara zuba, baƙin idonsa ya tsuke kamar bakin allura. Na san alamar tun bara. Hanamanta ya dawo ke nan, ko kayan biki bai cire ba, ya ɗaura shanu a amalanke ya kai mu babban titi, wata motar kaya ta ɗauke mu.

Likitan bara ne muka tarar. Ya dube ni, ya shiga aikinsa. An yi ta allura da ƙarin ruwa. Kwanaki bai san wanda ke kansa ba. Shekaranjiya ya buɗe ido, abin da ya fara tambaya shi ne ko an yi ruwa bayan feshin. Na ce ba a yi ba. Ya koma barci. Likita ya ce zai rayu, amma ƙafafunsa ba za su koma kamar da ba, sai da sanda.

Hanamanta ya zo dubiya jiya da ayaba. Ya ce tsutsa ta kwanta a gonarmu, a tasa kuwa tana nan tana kiwo duk da abin da ya zuba mata. Ya ce shi zai yi mana feshi na biyu in kwanso ya cika fitowa. Na ce da yamma, da ƙyalle a fuska. Ya ce, "To, malama, na ji. Ku dai kada ku gaya wa mutane."

Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba. Na kira, ba ka zo ba, abin da ya faru ke nan. Ba sai ka zo dubiya ba, an kusa sallamarmu.

Ka gaida mutanen gida.

Nilamma


Hosalli, Janairu

Zuwa ga yayana Bimaraya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jiki? Yaya hannun? Ina fatan ciwon ya lafa, kana samun barci. Mu nan da sauƙi. Baban Kasturi yana fita har bakin gona da sandarsa, a hankali, yana hutawa a hanya.

Takardar Yaya Girija ta same ni makon jiya. Kada ka yi mata faɗa, ta ce ka rantsar da ita, ita kuma ta gaji da riƙewa. Ta gaya mini injin saƙa ya kama hannunka na dama tun kafin bikin fitilu, yatsu uku sun tafi, masaƙa kuma ta sallame ka. Ta ce ranar da tangarahona ya iso ka sa riga ka je tasha, ka zauna har motar ta tashi, ka dawo gida. Ta ce sharaɗin nan da ka kafa, ka kafa shi ne don ka tabbata surukinka ba zai taɓa cika shi ba.

Na daɗe da takardar a hannu. Da ka faɗa mini tun farko, da na nemi wani tun da sauran lokaci, da ban tsaya bakin hanya ina kallon mota ba. Wannan zan faɗa sau ɗaya, ba zan sake ba. Ka zaɓi in ɗauke ka mai taurin zuciya da in san ka nakasa. Ban san wanda ya koya muku wannan ba, kai da shi.

Ga labarin gona. Hanamanta ya cika alkawari, ya yi na biyun a kan lokaci. Kwanso ya cika ya bushe, in iska ta kaɗa sai ka ji gonar tana kacau-kacau. Kusurwar rijiya da ba a kai gare ta ba, duk kwanson da ka ɓare huji ne da kashin tsutsa. Sauran kuwa tun da aka kawo ni gidan nan ban ga irinsa ba. Mutane suna tsayawa a kan iyaka suna kallo. Ranar bikin cin abinci a gona mun shimfiɗa tabarma a gindin waken, mun yi addu'a, mun ci gurasar dawa da miyar ganye. Famfon na ba Hanamanta, na ce kada ya dawo da shi. Baɗi in ba a sami mai feshi ba, dawa za mu shuka.

Na karanta wa baban Kasturi takardar Yaya Girija daga farko har ƙarshe. Sai ya tambaya ko kuna da abin ci a Solapur. Na ce ban sani ba. Ya ce wauta ce mutum ya zauna a ɗakin haya yana kallon bango alhali ga wake zai zube a ƙasa saboda rashin hannu.

Za mu fara yanka mako mai zuwa. Ni da matan unguwa za mu yanka mu ɗaure. A masussuka ne ba mu da kowa, don shi ba zai iya bin shanu suna zagaye suna tattake waken ba, tsayuwa ma da ƙyar. Ku taho gaba ɗaya, da Yaya Girija da yara, na share ɗakin gaba. Na ce masa ƙila ka ce ba za ka iya riƙe igiya ba. Ya ce, "Ki gaya masa shanuna ba su iya ƙirga yatsu ba. Ya zo kawai."

Kasturi tana gaishe da kawunta. Ku taho da barguna, ana sanyi da asuba.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Nilamma